Na'urar da Ƙunshin Sallah Ya Rikita

Tun da na dawo daga Zamfara ba a bar ni na huta ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a bakin famfon unguwa, tambayar ɗaya ce: "Sista Bilki, ya Zamfarar? Kin ga 'yan bindiga?" Ban gan su ba, alhamdu lillahi, kuma ba na fatan gani. Abin da na gani daban ne, kuma na gaji da faɗarsa da baki, ina cikin magana a katse ni a tambayi tsaraba. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata miƙa masa zan yi, in koma in kwanta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Zariya, ɓangaren yara. Aka ɗauke ni aikin wani bincike na 'yan makonni a kan limoniya, ciwon nan da ke cika huhun yaro har numfashi ya gagare shi. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da abin maƙale kaya a igiyar shanya. Ana maƙala ta a yatsa, ta haska jar wuta ta cikin farce, ta nuna lamba, wato yawan iskar oksijin da ke jinin yaro. Idan lambar ta faɗi ƙasa, yaron na buƙatar babban asibiti maza, ko da a ido bai yi kama da wanda ya jigata ba. Abin da masu binciken ke son sani shi ne: idan aka ba ƙananan asibitocin ƙauye wannan na'ura, za su riƙa gane yaron da ke cikin haɗari da wuri fiye da yadda suke ganewa da ido? Namu mu je mu koyar, mu auna yara, mu dawo da abin da muka gani. Wani mai basira a ofis shi ya zaɓa mana lokacin tashi, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, wai lokacin kowa yana gida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Direbanmu Malam Sabo ne, Bakano, ya daɗe yana bin hanyar Gusau. Tun kafin mu fita Zariya ya fara halin nasu: wai in tabbata na ɗauko tukunyar fate, don ya ji an ce Bazazzagiya ba ta kwana biyu ba fate ba tare da an kwantar da ita a asibiti ba. Na ce masa ya dubi titi, in ba haka ba zai sayar da motar da mu a ciki kafin mu kai Giwa. Haka muka yi ta yi har Funtuwa. Daga Funtuwa kuwa baki ya mutu. Ya kashe rediyo, ya sauke gilashi kaɗan, idonsa na kan motocin da ke tahowa. Ya ce mini muddin ana tahowa daga gaba to lafiya, ranar da titi ya yi shiru ita ce ranar da ake juyawa.

Bayan Yankara aka shiga ƙasar Zamfara, sai shinge bayan shinge. A wani shingen wani soja ya buɗe akwatinmu, ya ga na'urori jere da wayoyi, nan take fuskarsa ta canja. Na yi bayani, bai gamsu ba, har sai da na maƙala masa ɗaya a yatsa. Lamba ta fito cif, na ce masa huhunsa lafiya lau. Shi ke nan na jawo wa kaina aiki. Ya kira abokansa, suka kira 'yan sa-kai, na tsaya a rana ina auna ƙarti ɗaya bayan ɗaya, Malam Sabo na ta duban agogo yana tsaki ƙasa-ƙasa. Aƙalla dai na bar wurin da yaƙinin cewa na'urorinmu na aiki.

Muka wuce Tsafe, muka wuce Kwatarkwashi da duwatsunta, muka shiga Gusau da sauran rana. Masaukin da aka kama mana ba zan ɓata masa suna ba, ya ɓata da kansa. Fanka na kuka kamar ɗan akuya, famfo ba ruwa, ruwan sama kuwa da ya sauko sai ya zaɓi daidai kan katifata. Da safe aka kawo mana hoce. Ga wanda bai sani ba, wani abinci ne na dawa, gasasshe, mai ɗan tsami, ana cinsa da ƙuli ko a kwaɗanta. Na gutsura sau ɗaya na ajiye. Mai kawo abincin ta ce, "Mi ad da shi? Ba ki iya ba dai." Ta yi gaskiya, don kafin in bar jihar ni ke aikawa a sayo mini.

A Gusau aka yi mana horo. Mai koyarwar yana sauri zai koma, ya nuna mana yadda ake maƙalawa a yatsan hannu da na ƙafa, sauran tarkacen da ke ƙasan akwati ya ce ba sai mun damu da su ba. Muka gwada a yatsun junanmu. Yawancinmu maza ne, mu matan kuma ma'aikatan jinya ne da muka yi Sallah a bakin aiki, ba wadda ta samu zaman ƙunshi. Kowane yatsa fes, kowace lamba daidai, aka tafa aka watse.

Ni aka tura Tsafe. Na sauka a gidan Sista Rifkatu, ma'aikaciyar lafiya, Kirista daga kudancin Kaduna da ta yi shekaru a garin har Zamfarcinta ya fi na wasu 'yan ƙasa. Gidanta bai rabuwa da kwanukan maƙwabta, ragowar naman Sallah har ya yi mata yawa. Gaisuwar mutanen nan kuwa ta fi tamu tsawo. A Zariya ka ce lafiya lau sau biyu ka wuce, a can sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an dawo an sake tambayar gajiyar. Ni kuwa gajiyar ce ma ke hana ni amsawa.

Washegari muka shiga wani ƙauye da ke ƙarƙashin asibitinta, ba nisa da titi. Mai gari ya sa an yi shela, mata suka cika rumfar ƙaramin asibitin ƙauyen da yara. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne hannuwa. Kowace yarinya, har wadda ake goye, an yi mata ƙunshi baƙi wuluk, tun daga farce har wuyan hannu, ƙafafu ma haka. Ba irin zanen fulawar da muke yi a birni ba, wannan a tsoma hannu ne gaba ɗaya, a bi da gishirin lalle har ya koma kamar an shafa shuni. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Aka nuna mini mai aikin, wata dattijuwa doguwa da ke zaune a kan tabarma a gefe, Inna Haule. Ita ke yi wa duk ƙauyen ƙunshi, amare har daga wasu garuruwa ake kawo mata, kuma zuwa ta yi ta ga yadda baƙi za su yaba.

Yarinya ta farko, na'ura ta yi ta ƙyafta wuta, ba lamba. Ta biyu haka. Ta uku wata 'yar lukuta ce mai suna Shafa, tana cin ƙashin rago tana dariya, na'ura ta nuna lambar da in da gaske ce da tuni tana kwance ba ta san inda take ba. Uwarta ta tambayi abin da ta ce, Rifkatu ta yi kuskuren fassara mata. Rumfa ta kaure da dariya. Wata ta ce a yi wa Shafa addu'a, ƙarfe ya ce ta mutu. Muka canja batir, muka canja na'ura, muka nemi kiran Gusau ba sabis. Zufa ta jiƙa mini hijabi. Sai can na lura da abin da ke gabana tun safe: duk yaro namiji lambarsa na fitowa daidai, mata ne kawai abin ke rikicewa. Baƙin ƙunshin ne ke tare wutar.

Don murnar na gano, sai na ɗaga murya na ce, "Ai ba na'urar ba ce, laifin ƙunshin nan ne!"

Inna Haule ta miƙe a hankali ta naɗe tabarmarta.

"Ke baƙuwa," in ji ta, "tun ba a haihe ki ba nike ƙumshi garin ga. Ba a taɓa cewa hannuna ya yi laihi ba sai yau da kinka zo da ƙarhen da ba ya gani. In makaho na, ki ce makaho na."

Na ce, "Inna, ba haka nake nufi ba."

"Na ji abin da kinka nuha. Ɗiyan gidana ko ɗaya ba ya zuwa nan."

Ta fita, rabin matan suka bi ta. Rifkatu ta dube ni ta ce a hankali, "Da kin bari mun faɗa mata a ɗaki." Na san haka. Muka ƙarasa auna 'yan mazan da suka rage, ni dai babu abin da nake so irin in ga na koma Tsafe na miƙe ƙafa.

Bayan azahar muna haɗa kaya sai ga wata yarinyar mace ta shigo da sauri, goye da 'yar da ba ta wuce shekara biyu ba. Sunanta Hassu, surukar Inna Haule ce, matar ɗanta. Ta faki idon tsohuwar ne ta fito. Tana kwance goyon na san mun shiga uku. 'Yar, Ummi, jikinta zafi rau, hancinta na buɗewa yana rufewa, duk numfashi sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa ciki. Hassu ta ce tun jiya ta ƙi nono. Na maƙala na'ura a yatsa, ba lamba. Na koma ƙafa, nan ma baƙi wuluk. Jikar mai ƙunshi ce, nata ya fi na kowa kamawa.

Ban buƙaci na'ura ba kafin in san yarinyar nan sai Gusau, inda ake da oksijin. Muka ba ta maganin farko da muke da shi, amma magani ba zai yi mata numfashi ba. Matsalar ita ce Hassu ba ta da ikon cewa to. Mijinta na Kudu neman abinci tun da gonarsu ta nesa ta gagari zuwa, gidan a hannun Inna yake. Malam Sabo kuma ya leƙo ya faɗa mini a fili: in za a tafi, a tashi kafin la'asar. In la'asar ta wuce, ba shi ba titin nan sai gobe. Ni kuwa ban ga alamar Ummi za ta kai gobe a haka ba.

Inna Haule ta iso da kanta, ranta a ɓace. Na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙuri a kan maganar safe, na nuna mata ƙirjin yarinyar.

"Awazzai na," ta ce, wato ciwon haƙarƙari. "Sanyin ruwan hwari ya kama ta. Na yi mata turare, na shahwa mata mai. Duk ɗiyana haka niy yi musu."

Na ce, "Inna, iska ba ta isar ta. Sai an kai ta Gusau yau."

"Wa yac ce? Ƙarhen da yak kashe Shahwa da sahe? Ga ta can tana wasa."

Sai ta ƙara da abin da ya kashe mini jiki gaba ɗaya. Ta ce babban ɗanta a kan wannan titin aka tare motarsu, har yau ba shi ba labarinsa. Ta ce ba za ta ɗora jikarta a kan hanyar da ta cinye mata ɗa ba saboda maganar baƙuwa da ƙarfen da duk gari ya ga ƙaryarsa. Ban ga laifinta ba. Da ni ce a matsayinta, ban san abin da zan ce ba. Na ji wani irin takaici ya taso mini, na masu zaɓen rana a ofis, na mai horon da ke sauri, na bakina da bai iya shiru ba. Hassu na tsaye tana hawaye ba sauti, inuwa kuma sai ƙara tsawo take.

Rifkatu ce ta juye akwatin a kan tebur, don rashin abin yi. A cikin tarkacen da aka ce kada mu damu da su akwai wani ɗan ƙaramin maƙali a leda, an zana hoton kunne a jiki. Muka dubi juna. Ba wanda ya taɓa nuna mana shi, amma wayarsa ta shiga jikin na'urar daidai.

Rifkatu ta fi ni sanin mutanenta. Ba ta nufi Ummi ba, Inna ta nufa. "Inna, ara mini kunnenki." Tsohuwar ta harare ta, amma ta bari. Lamba ta fito mai kyau. Aka aika aka kamo Shafa daga wurin wasa, aka maƙala mata a kunne, lamba mai kyau, kusan irin ta Inna. Rifkatu ta ce, "Kin gani, ta tashi daga mutuwar." Ba wanda ya yi dariya.

Ɗan kunnen Ummi ya tare wurin. Na kai hannu zan cire, Inna ta ture hannuna ta cire da kanta. Na maƙala. Wuta ta ƙyafta, lamba ta fito, ta tsaya ba ta motsa ba. Inna ba ta karatun boko, amma ta ga tata, ta ga ta Shafa, ta ga wannan ba irinsu ba ce. Ta kuma ga fuskar Rifkatu.

Ta daɗe tana kallon kunnen. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Nan ban sa mai komi ba."

Ta juya ga Hassu. "Tahi ki ɗauko min lulluɓina."

Mun hau titi ana kiran la'asar a wani ƙauyen gaba. Malam Sabo tuƙi kawai yake, bakinsa na motsi da addu'a. Inna ta karɓi Ummi ta rungume, ta riƙe 'yan hannuwan nan baƙaƙe cikin nata tana murzawa da babban yatsa, kamar za ta goge. Wajen Kwatarkwashi ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba, "Ni niy yi mata wanga?" Na ce a'a, wallahi ƙunshi ba ya kawo ciwo, wuta kawai yake tarewa. Ta gyaɗa kai, amma ba ta daina murzawar ba har muka shiga Gusau.

Aka karɓe ta a asibiti, aka sa mata robar oksijin a hanci. Likitan ya ce an kawo ta a makare, amma za su yi iya yinsu. Da wannan maganar na bar su, don washegari an riga an tsara ni Bungudu, kuma bincike ba ya jiran kowa.

Kwanakin Bungudu a gajiye na yi su. Mun dai koyi darasi: kowane ƙauye muka shiga, bayan gidan mai gari sai gidan mai ƙunshi, mu gaishe ta, mu yaba aikinta, mu roƙi ta zauna kusa da mu. Aka sanar da sauran ayarin su tono maƙalin kunne daga ƙasan akwatunansu. Masu binciken suka ce abin da ya faru a Tsafe shi ma sakamako ne, wai har ya fi wasu amfani. Na ce Allah ya amfana. Furar Bungudu ta yi daɗi, mutanen kirki ne, wata tsohuwa har ta so ta ba ni kaza, amma hankalina na Gusau. Duk inda sabis ya kawo sai in kira Rifkatu, ita ma sai ta kira wata da ta sani a asibitin. Yau a ce da sauƙi, gobe a ce zazzaɓi ya dawo. Na daina cin abincin kirki, har Malam Sabo ya daina tsokanata da fate.

Ranar komawa gida na ce masa ko zai bar ni a tasha sai na shiga asibitin nan. Na tsaya a ƙofar ɗakin yara ƙafata ta ƙi shiga, don na sha shiga irin wannan ɗaki in tarar an canja zanen gado. Sai na ji murya daga ciki: "Ke baƙuwa, shigo mana, mi kika tsayi nan?"

Ummi na zaune a cinyar uwarta, ba roba a hanci, ta rame, tana ta fama da guntun hoce da haƙoranta huɗu. Na zauna a bakin gadon. Inna Haule ta kamo hannun yarinyar ta nuna mini gindin farce, inda wani siririn fari ya fara fitowa a ƙarƙashin baƙin.

"Ƙarhenku dai makaho na," ta ce. "Ban canza magana ba."

Na ce na yarda.

"Amma makaho a kan yi mai hanya. Sallah mai zuwa duk ɗiyar da anka kawo min, yatsa guda zan bari hwari." Ta ɗaga manuninta. "In an tambaye ni, in ce sabon yayi na. Wa za ya ce min a'a?"

Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta, barci na yi tun daga Yankara har Samaru. Tsarabar da kuke tambaya kuwa, hoce ne, kuma na cinye.

Makon jiya aka yi bikin ƙanwar maigidana. Aka kira mai ƙunshi gida, 'yata Husna ta zauna a layi tana rawar ƙafa, ta ce baƙi take so har farce. Ina daga ɗaki ina jin tarin da ta kwana biyu tana yi, ɗan tari ne na yara, ba wani abu ba. Ban san lokacin da na fito na durƙusa kusa da ita na kama manuninta na dama na riƙe cikin tafina ba.

Mai ƙunshin ta ce, "Maman Husna, saki mana in ƙarasa."

Na ce, "Bar mata wannan. Sabon yayi ne, daga Zamfara."